"Ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah": wa ake nufi?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya mai rassa biyu, kuma ina roƙon Musulmi da Kiristocin da ke zauren nan duk su sa baki. A nan Amurka, a makarantun gwamnati da yawa, kowace safiya yara kan miƙe su dafa ƙirji da hannun dama, su fuskanci tuta, su karanta alƙawarin biyayya ga ƙasa. A ciki akwai inda ake cewa ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah. A ajin ɗana akwai Kiristoci, akwai Bayahude, akwai yarinya 'yar Hindu, akwai kuma wanda iyayensa ba ruwansu da addini. Na farko, ya dace gwamnati ta sa sunan Allah a bakin yara haka? Na biyu, kuma shi ya fi damuna: in ɗana da yaron Kirista da Bayahude suka faɗi kalmar tare, Ɗaya suke nufi ko kowa da nasa?

Lauyan Gombe:
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su iso kan ta biyu, bari in taɓa ta farko. Wannan kalma ba da ita aka fara alƙawarin ba. Wanda ya rubuta shi a 1892, Francis Bellamy, ya taɓa zama limamin cocin Baftis, amma bai ambaci Allah a ciki ba ko sau ɗaya. Shekara 62 ana karanta shi a haka. Sai a 1954 aka ƙara kalmar, ana tsaka da yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet. Ƙungiyar 'yan Katolika ta Knights of Columbus ta fara ƙara kalmar a tarukanta tun 1951, tana ta matsa wa majalisa lamba. A watan Fabrairun 1954 wani fasto, George Docherty, ya yi wa'azi a Washington, Shugaba Eisenhower na zaune cikin cocin, ya ce alƙawarin nan yadda yake, yaran Mosko ma za su iya yi wa tutarsu irinsa. Ranar 14 ga Yuni na shekarar Eisenhower ya sa hannu a dokar. Ruwa ba ya tsami banza. An sa kalmar ne don a ce mu ba 'yan gurguzu ba ne, ba wai malaman addini suka zauna suka tantance wane Ubangiji ake nufi ba.

Sannan ka sani ba a tilasta wa ɗanka. Tun 1943 Kotun Ƙoli ta yanke haka a shari'ar Barnette, wadda Shaidun Jehobah suka kai, ta kuma rushe hukuncin da ita da kanta ta yi a 1940. Sai dai wasu jihohi, kamar Texas da Florida, suna neman takarda daga iyaye kafin a ɗauke wa yaro.

Abu Mus'ab:
Ta biyun ai ba ta buƙatar dogon bayani. "Ba na bauta wa abin da kuke bauta wa, ku ma ba masu bauta wa abin da nake bauta wa ba ne." Ubangijinmu bai haifa ba, ba a haife shi ba. Wanda ake cewa yana da ɗa, ko uku ne cikin ɗaya, ta yaya zai zama shi ne Wanda Ƙulhuwallahu ta siffanta? Duba Ma'ida aya ta 73. Ni da ɗana ne, shiru zai yi a wurin.

Malam Na Tudun Wada:
Abu Mus'ab, Allah ya yi maka albarka, kishinka a kan tauhidi abin so ne. Amma a ajiye kowace aya a muhallinta. Suratul Kafirun ta sauka ne a kan mushrikan Ƙuraishawa, lokacin da suka nemi a yi musaya, a bauta wa gumakansu shekara ɗaya, su bauta wa Allah shekara ɗaya. Game da Ma'abota Littafi kuwa, ga abin da aka umarce mu mu faɗa musu a Ankabut aya ta 46: "Abin bautarmu da abin bautarku ɗaya ne, kuma mu masu miƙa wuya ne gare shi." Wannan ba maganar wani malamin zamani ba ce mai neman shiri da Turawa, nassi ne.

Ka sake karanta ayar Ma'idar da ka kawo. Cewa ta yi waɗanda suka ce Allah na ukun uku ne sun kafirta. Wa suka faɗa wa wannan magana? Allah. Laifin da Alƙur'ani ya kama su da shi shi ne sun faɗi abin da ba haka ba a kan Allah. Da wani abin bauta daban suke magana a kai, da ba a ce sun yi wa Allah ƙarya ba. Haka a Baƙara aya ta 133, 'ya'yan Annabi Yaƙubu suka ce masa za su bauta wa abin bautarsa da na iyayensa Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa, abin bauta guda. Yahudawa daga wannan gida suka fito. Shi ya sa shari'a ta bambanta su da masu gumaka: an halatta mana yankansu da auren kamammun matansu a Ma'ida aya ta 5, alhali an hana auren mushrika a Baƙara 221.

Abu Mus'ab:
Allah ya gafarta Malam, ai a cikin Ankabut ɗin ne, aya ta 61, aka ce in ka tambayi mushrikai wa ya halicci sammai da ƙasa za su ce Allah. Abu Jahil ma ya san sunan. Ya amfane shi?

Malam Na Tudun Wada:
Bai amfane shi ba, kuma nan ne gaɓar. Tambayoyi biyu ne ake cuɗawa. Wa ake nufi, wannan ɗaya. An karɓi bautar ko ba a karɓa ba, wannan daban. A ta biyu ni da kai babu saɓani, Ali Imrana 85 ta gama magana. Amma Baban Sadiq ta farko ya tambaya. Mahaliccin sammai da ƙasa, Wanda ya yi magana da Musa, ba biyu ba ne balle a raba, kowa ya ɗauki nasa.

Ishaya Kafanchan:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma wataƙila abin zai ba wasu mamaki, amma na fi kusa da Abu Mus'ab a nan, daga ɗaya gefen. A wurinmu Triniti ba ƙari ba ne da aka ɗora wa Allah daga baya wanda za a iya cirewa a bar sauran. Shi ne yadda Allah yake tun fil azal: Uba, Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. 1 Yohanna 2:23 ta ce duk wanda ya yi musun Ɗan, ba shi da Uban. To in ɗan'uwana Musulmi ya ce Allah ba shi da Ɗa, ni kuma na ce ba a sanin Allah sai ta wurin Ɗan, faɗin cewa abu ɗaya muke bauta wa rashin gaskiya ne ga ni da shi duka. Kuma a Amurkar da Baban Sadiq yake, maganar ba ƙarama ba ce. A Disambar 2015 wata malama a kwalejin Kirista ta Wheaton, Larycia Hawkins, ta rubuta cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa, aka dakatar da ita, bayan 'yan watanni suka rabu da makarantar.

Maman Rahila:
Ɗan'uwa Ishaya, ni ma Kirista ce, 'yar Zariya, amma ban bi ka nan ba. Gidanmu rabi da rabi ne. Ranar sunan Rahila, yayar mahaifina, Hajiya, ita ta karɓi jaririyar ta ɗora a cinya ta ce Allah ya raya, Allah ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Duk ɗakin muka ce amin, har da matar fastonmu. Ban ji a raina cewa wani daban ta roƙa ba, kuma har yau ban ji ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa tun bugun 1932 da sunan Allah ya buɗe Farawa.

Amma bar zancen gida, mu zo kan Littafi. In ƙin yarda da Triniti na nufin wani Allah daban, ina za ka kai Yahudawa? Su ma ba su yarda ba. Da aka tambayi Yesu wace doka ce mafi girma, a Markus 12:29, da kalmar shaidar Yahudawa ya amsa: Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne. Ibrahim bai taɓa jin ƙudurin aƙida da shugabannin coci suka yi a Nikiya a shekara ta 325 ba. Mutumin da ya ce Allahn Yahudawa daban ne da Uban Yesu shi ne Markiyon, kuma ikilisiyar Roma ta kore shi tun ƙarni na biyu. Cocin Katolika kuma, a babban taronta na Vatican na biyu, a 1964 da 1965, ta rubuta cewa Musulmi suna yi wa Allah ɗaya mai jinƙai sujada.

Ishaya Kafanchan:
Yaya, ni ba Katolika ba ne, takardun Vatican ba su ɗaure ni ba. Batun Yahudawa kuwa akwai bambanci. Littafinsu yana cikin Littafinmu, alkawarin da aka yi musu shi muka ce ya cika. Musulunci ya zo bayan shekara ɗari shida ya ce ba a gicciye Almasihu ba. Ki cire gicciye, me ya rage mana?

Maman Rahila:
Babu abin da ya rage, shi ya sa ni ba Musulma ba ce. Amma Yahudawan yau ma bayan zuwan Almasihu suke, sun ji labarinsa sun ce a'a. Ba ka ce musu Allahnsu wani ne ba, cewa kake yi ba su gane shi yadda ya bayyana kansa ba. Abin da nake roƙo ka auna Musulmi da mudun da ka auna su.

Ɗan Damagaram:
Ina biye da ku daga Zinder. Mu a Nijar tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa an raba addini da gwamnati. Amma a cikinsa ne kuma shugaban ƙasa ke rantsuwa a kan littafin addininsa, yana farawa da cewa a gaban Allah da gaban al'ummar Nijar. Kun ga ko ƙasar da ta gaji tsarin Faransa ba ta iya rabuwa da sunan ba a ranar da take so a gaskata mutum.

Hajiya Malamar Firamare:
Ni a filin asambili na tsufa, bari in faɗi abin da na gani. Namu alƙawarin na Najeriya, Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta shi a 1976, zamanin Obasanjo na soja aka sa a riƙa karanta shi a makarantu. Da Turanci yake, kuma 'yan aji ɗaya da biyu ba su san me suke faɗa ba. Za ka ga yaro ya dafa ƙirji, ɗaya hannun yana riƙe da wandon da ya yi masa yawa, yana tauna kalmomin, sai an zo layin ƙarshe, inda ake cewa Allah ya taimake ni, sannan murya ta tashi gaba ɗaya don sun san an gama. Duk shekara nakan zaunar da ajina in fassara musu da Hausa: ka yi alƙawarin gaskiya, da riƙon amana, da yi wa ƙasa hidima iya ƙarfinka, sannan ka kira Allah ya taimake ka ka cika. A nan ne wasu ke yin tsit.

Abin da nake so a lura, namu addu'a ce ta mutum ɗaya. Maryamu ta roƙi Allah yadda aka koya mata a coci, Maryam ta roƙa yadda aka koya mata a Islamiyya, babu wadda ta yi shaida a kan aƙidar ɗayar. Na Amurka kuwa magana ce a kan ƙasar duka. Ina ganin namu ya fi sauƙi a zuciya.

Lauyan Gombe:
Hajiya, gaskiya ne a alƙawarin, amma gabatarwar tsarin mulkinmu na 1999 ita ma ta ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa a ƙarƙashin Allah, sai sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Mu ma muna da irin tasu.

Ga wani abu da nake so malamai na ɓangarorin biyu su duba. Wani likita a California da bai yarda da Allah ba, Michael Newdow, ya kai ƙara saboda 'yarsa. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya, ƙasar ta ɗauki zafi, majalisar dattawa ta yi tir da hukuncin da ƙuri'a 99 ba ko ɗaya a ɗaya gefen. A 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba, ta ce ba shi ke da ikon shigar da ƙara a madadin yarinyar ba. Amma Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta nata ra'ayin, inda ta kare kalmar da hujjar cewa ambato ne na al'ada da biki, ba ibada ba ce, ba addu'a ba ce, ba ta kuma nuna wani addini. Wato hanyar da aka bi aka ceci kalmar a kotu ita ce a ce ba ta ɗauke da nauyin addini.

Malam Na Tudun Wada:
To wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da duk abin da aka faɗa tun safe. A ce sunan Allah ya zauna a bakin yara miliyoyi bisa sharaɗin cewa ba ya nufin komai? Baƙara 224 ta hana mu mai da Allah abin gittawa a rantse-rantsenmu. Mu da muke hana yaro shiga bayi da takarda mai sunan Allah, bai kamata mu yi murna don gwamnati ta mai da sunan ado ba.

Ishaya Kafanchan:
A nan kam ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Fitowa 20:7, kada ka ambaci sunan Ubangiji Allahnka a banza. Kuma mu duba gida: gwamnoni da ministoci nawa suka dafa Littafi Mai Tsarki ko Alƙur'ani suka ce Allah ya taimake ni, daga baya aka gan su a gaban kotu kan kuɗin jama'a?

Umar Fagge:
Ku yi haƙuri malamai, ni ban yarda a cire ba, ko can ko nan. Ko da siyasa ta kawo kalmar, tana faɗin gaskiya guda: gwamnati ba ita ce ƙarshe ba, akwai Wanda ke sama da ita. Ƙasar da ta ce babu kowa a samanta ita ce abin tsoro. Kuma rashin fayyace sunan ba wofinta shi ba ne, wani lokaci shi ke riƙe ƙasa. Indonesiya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya. Ranar 18 ga Agustan 1945 shugabanninta suka cire kalmomi bakwai da ke wajabta shari'a a kan Musulmi daga daftarin tsarin mulki, saboda Kiristocin gabashin ƙasar sun nuna ba za su shiga ba, aka bar imani da Ubangiji Makaɗaici a matsayin ginshiƙi na farko. Da shi suke zaune har yau.

Baban Sadiq:
Malam Umar, na ji, amma ka tuna yarinyar Hindu da yaron da ba shi da addini. Su ma 'yan ƙasa ne. Doka ta ce ba dole, amma ɗan shekara takwas ya zauna shi kaɗai ajin duka na tsaye suna kallonsa, wannan ma wani irin dole ne. Mu da muke tsiraru a nan mun san ɗacinsa. Singafo tana da alƙawarinta tun 1966, babu ambaton Allah, cewa kawai suka yi al'umma ɗaya ba tare da duba launi ko harshe ko addini ba, kuma masallatai da coci-coci na nan cike. Game da ɗana, bayanin Malam ya kwantar mini da hankali: zan gaya masa in ya faɗa ya nufi Allahn da ya sani, kada kuma ya yi wa wanda ya yi shiru kallon banza.

Abu Mus'ab:
Tsorona ɗaya ne, kuma ban ga an amsa shi ba. Daga "Allah ɗaya muke nufi" ake zarcewa zuwa "duk hanya ɗaya ce". Ga shi a Abu Dhabi an gina masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa a haraba guda, aka buɗe a 2023. Yaran da suka taso da wannan gobe za su ce mene ne bambancin?

Malam Na Tudun Wada:
Tsoronka yana da tushe, kuma ba kai kaɗai ba. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, wanda ya sa hannu a takardar 'yan'uwantaka da Fafaroma Francis a 2019, shi ne kuma a 2021 ya fito ya yi watsi da kiran a narkar da addinai a yi wani guda da sunan Ibrahim. Maganin zarcewa shi ne karantarwa, ba musun ayar Ankabut ba. Ka koya wa ɗanka Ƙulhuwallahu da ma'anarta, ka koya masa abin da Kirista ya yi imani da shi yadda Kiristan zai ce e haka ne, sannan ya san inda aka rabu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi Suratu Maryam ya karanta, da aka tambaye shi game da Annabi Isa kuma bai ɓoye ba, ya ce bawan Allah ne kuma manzonsa.

Abu Mus'ab:
Na karɓi rarrabewar Malam tsakanin wanda ake nufi da karɓuwar bauta. Amma a kan alƙawarin ina nan a kan bakana, ɗana ba zai faɗa ba.

Hajiya Malamar Firamare:
Lauya, tambaya ta aiki. Na taɓa samun yara biyu 'yan gida ɗaya, Shaidun Jehobah, ba sa taken ƙasa ba sa alƙawari. Suna tsayawa cikin ladabi, hannu a gefe, baki a rufe. Wani malami ya so ya sa su tsallen kwaɗo, na hana. Ina da hurumi a doka ko tausayi ne kawai?

Lauyan Gombe:
Kina da madogara, Hajiya. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, kuma ƙaramin sashe na 2 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi shiga wani biki ko ibada ta addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wani zai iya cewa alƙawarin ƙasa ba ibada ba ce, amma 'yancin lamirin da ke farkon sashen ya isa ki tsaya a kai. Ko a kotu, mai ba da shaida da ya ce ba zai dafa Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki ko ƙarfe ba, ana karɓar tabbacinsa na baki cewa zai faɗi gaskiya, kuma Musulmi da yawa hakan suke zaɓa don girmama Alƙur'ani. In irin haka ta sake tasowa, ki sa iyayen su rubuto takarda a ajiye a fayil ɗin yaran.